Masu Tasbihi a Ƙarƙashin Laka

Litinin, 20 ga Mayu
An ba ƙanena Lurwanu fili. Alhamdu lillahi. Tun da suka gudo daga Tumur suke kwana ƙarƙashin tamfal a tsakar gidana, shi da matarsa A'i da yara. Sai dai filin, kududdufin bayan gidanmu ne. Asabar kamyo, babbar mota, zai kawo yashi a cike shi.

Laraba, 22 ga Mayu
Na kasa cin abinci. Ƙananan kwaɗin nan masu jan ɗigo a baya suna nan ƙarƙashin lakar. Haka suke binne kansu duk rani, sai ruwan farko ya tashe su. Hasna, ɗiyar maƙwabta da ke jami'a, ta ce an cike sauran kududdufai, nan kaɗai irinsu ya rage a Diffa. Ni abin da na sani, malaminmu na allo ya hana mu kashe kwaɗo, ya ce kukansa tasbihi ne.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na yi wa Lurwanu magana, a hankali. Ya ce, "Yaya, wurin nan busasshe ne ƙayau, ba rai ciki." Na ce da rai, barci suke. Ya yi dariya, sannan ya daina. "To ƴaƴana ko kwaɗi? Zaɓi." A'i ta sunkuyar da kai.
Damina ta kusa, tamfal ɗin duk huji.

Juma'a, 24 ga Mayu
Ban taɓa taɓa kwaɗo ba. Ko inuwarsa ƙyama nake.

Asabar, 25 ga Mayu
Da hantsi ni da Hasna muka shiga da fartanya. Sai an yi zurfin kamu guda ake samunsu, a dunƙule, da sanyi. Muna sa su cikin bokiti da jiƙaƙƙen buhu. Kamyo ya iso ba mu kai rabi ba. Direba ya leƙo: "Hajiya, zinariya kike tono?" Lurwanu ya ce a juye.
Wai na tsaya bayan motar na ce, "Ba za a juye ba sai azahar!" A'i ta ce har bakin titi an ji ni. Ban tuna ba.
Sun jira. Da azahar aka juye. Waɗanda ban kai gare su ba, Allah ya yafe mini.
Mun binne na bokitin a gefen gonar tattasan Ya Fanna, ƙawata, bakin kogin Komadugu. Ta yi alkawarin ba za ta yi feshi wajen ba.

Lahadi, 2 ga Yuni
Lurwanu yana gaishe ni, ba ya kallona.

Alhamis, 27 ga Yuni
Ruwan farko. Yara sun shige ɗakinsu mai kwano, ko ɗigo babu. Bayan gida shiru, karo na farko tun ina amarya.
Da la'asar na je gaida Ya Fanna. Gaisuwa kawai.
Kwaɗin suna tasbihi. Kaɗan ne, amma suna yi. Ɗaya ya fito kan hanyar babura, na mayar da shi. Sai da na iso gida na tuna da hannu na ɗauke shi.