Takalman Mutum Shida

Zugu,
Lahadi, 12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Naziru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a inda ka ɓuya. Inna na gaishe ka, don har yanzu ba ta san abin da na sani ba. Da akwai sabis da na kira ka na ji ko muryarka za ta yi rawa. Tun da an rufe layukan waya sai takarda, ga ta nan a hannun Shitu direba.

Ni da kai tobasai ne, tun muna yara ban taɓa buɗe maka baki ba sai da tsiya. Yau babu wasa.

Kwana goma sha biyar ke nan da ka kwaso abokan aikinka malamai daga Gummi, ka ce Baba ya kai ku yawon ganin Dutsen Maitsani da Masallacin Kogo. Ku bakwai kuka hau. Biyu a makara aka sauko da su, huɗu 'yan bindiga suka kora daji. Kai kaɗai ka dawo ba ko ƙwarzane, ka wuce Gummi, ko jana'izar kawunka ba ka tsaya ba.

An kawo Baba da harsashi biyu a ƙirji da takalma a ƙafa. Naziru, ko yaron goye a Zugu ya san mai tsaron Maitsani ba ya taka dutsen da takalmi. Haka ubansa ya yi, haka kakansa, shi ma shekara arba'in a zaure yake barin nasa. Waɗannan sau-ciki ne ruwan ƙasa masu tsinin baki. Sai da aka yanke igiyar kafin ƙafar ta fito, yatsun duk sun saɓule. Ni na san su. Su ne na ce maka da Sallah sun yi kama da bakin kada.

Mainasara, shugaban 'yan sa-kai, ya zo gidanmu sau biyu. Ya ce alama ce aka sa wa Baba don a gane wanda za a kashe, tun da shi ke nuna wa 'yan sa-kai hanyoyin dutse. Ya ce mai takalman infoma ne. Ka san abin da suke yi wa infoma. Ranar Laraba sun ɗaure wani mai sayar da burodi a bakin tasha suka yanka shi mutane na kallo, a kan zargin da bai kai rabin naka ba.

Ya ba ni zuwa Juma'a ta sama, ashirin da huɗu ga wata, in faɗi mai su. Na ce ina takaicin ubana, ban duba ba. Suna nan ƙarƙashin gadona. Ka gaya mini yadda takalmanka suka hau ƙafar Baba, ko kuwa in faɗi sunanka in huta.

Hure Makau.

*

Gummi,
Laraba, 15 ga Satumba.

Zuwa ga 'yar'uwata Hure,

Wa alaikumus salam. Ina yi miki ta'aziyya, ina yi wa Inna. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Kunya ce ta hana ni tsayawa, ba laifi ba. Wallahi ban san kowa a daji ba.

Ni na shirya tafiyar, wannan gaskiya ne. Shekara shida ina koyar da tarihi daga littafi, ina cika baki a ɗakin malamai cewa kawuna ke tsaron tarihin da ake taɓawa da hannu. Kawu ya ce gefen ya kwana biyu lafiya, mu zo da hantsi mu sauko kafin la'asar. Muka zo mu shida: ni, Malam Abdulwahabu mataimakin shugaban makaranta, Malama Zubaida, Hafizu, Saifullahi, da Bulus ɗan bautar ƙasa.

Hure, ban taɓa ganin Kawu cikin nishaɗi kamar ranar ba. Yana gaba ƙafa ba takalmi, mu matasa muna baya muna haki, yana yi mana dariya. Ya nuna mana Raƙumi, dutsen nan mai tozo da ya durƙusa, da Turmi da Taɓarya. Malam Abdulwahabu ya ce shi bai ga raƙumi ba, Kawu ya ce, "Malam, matsa nan. Boko ta shige maka ido." Muka hau matakalar da aka sassaƙa, muka iso bakin kogon da azahar, an ɗan yi yayyafi.

Nan ya tsaya ya ce, "Wanga wuri masallaci na. Nan kakanninmu sunka yi salla shekarun yaƙi. Kowa shi tuɓe takalmi." Muka tuɓe. Bulus ma ya tuɓe, ya ce a duwatsunsu na Filato akwai kogon da suke addu'a a ciki, su ma haka suke yi. Kin san Kawu da tsari. Da hannunsa ya jera su a kan falalen bakin kogo, baki na kallon waje.

Ciki sanyi, ƙasa rairayi, ga alƙibla an fafe ta a jikin dutse. A bayanta akwai wata tsaga da ake kira Ɗakin Jego, mutum ɗaya take ci, kuma in ba an nuna maka ba ba za ka gan ta ba. Na shiga ina haskawa da waya. Ina ciki muka ji babura da kukan shanu, sai harbi.

Daga nan kunne kawai nake da shi. Na ji wani yana ƙirga, a hankali kamar mai sayen ƙwai: ɗaya, biyu, har shida. Ya ɗaga murya ya ce, "Mutum shida! Ku hito. In munka ga biyar, mai za mu zuba mu ƙone sauran ciki." Warin fetur ya shigo har inda nake.

Malam Abdulwahabu ya fara fita. Na ji ya ce, "Bayin Allah, mu malamai ne," sai ƙara ɗaya, sai faɗuwar abu mai nauyi. Malama Zubaida ta yi salati. Na ji dukan gindin bindiga da kukan Bulus. Mai ƙirga ya kai biyar ya tsaya.

Mu bakwai ne, takalma na mutum shida, don Kawu bai zo da ko ɗaya ba. Shi ya fita na shida. Suka ce kowa ya sa takalminsa, tafiya da nisa. Takalmana ne suka rage masa a falalen.

Ban fito ba sai da rana ta yi sanyi. Na tsallake Malam Abdulwahabu, ƙuda sun riga sun rufe fuskarsa, na sauko ta bayan dutse ƙafa ba takalmi. Abin da na sani ke nan.

Ɗan'uwanki,
Naziru.

*

Zugu,
Juma'a, 17 ga Satumba.

Naziru,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku. Ka iya labari, malamin tarihi, har na ji muryar Baba, na yi kuka. Amma a wuri ɗaya ka yi tsalle.

Na san ubana. Ba zai ga mace tsaye a kogo, ga maɓoyar da sunanta ma Ɗakin Jego, ya bar ƙato a ciki ba. Tsakanin harbin farko da ƙirga takalma me aka ce? Ka cike gurbin nan.

An sako Malama Zubaida da Hafizu shekaranjiya, tana gidansu a Anka. Na rubuta mata. Saura kwana bakwai.

Hure.

*

Gummi,
Lahadi, 19 ga Satumba.

Hure,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Kin kama ni.

Da aka yi harbin farko Kawu ya zo bakin tsagar ya ce, "Naziru, hito, Malama ta shiga." Sau uku ya faɗa. Ya miƙo hannu ya kamo rigata, na ƙanƙame dutse har farcena ya ɓalle. Ban ce a'a ba, ban dai fito ba. Sai ya saki rigar. Ya ce, "To, yi shiru," ya juya ya zauna ya toshe bakin tsagar da bayansa.

Ni ba infoma ba ne. Matsoraci ne ni, kuma tsorona ya tura matar mutane daji, ya sa wa Kawu takalmi. Tun ranar ban iya sa komai a ƙafata ba, haka nake zuwa masallaci. In kin faɗi sunana ba zan gudu ba, ina gidan da kika sani.

Naziru.

*

Anka,
Talata, 21 ga Satumba.

Zuwa ga Malama Hure Makau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ba ki san ni ba, amma na san sunanki, don mahaifinki ya ambace ki a hanya, ya ce kin fi maza iya hawan dutsen. Allah Ya gafarta masa. Hannuna na dama bai warke ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Zan fara da abin da kika tambaya. Ba wanda ya kira mutanen nan. Shanun sata suka koro ta ƙasan dutse, ɗayansu ya hango farin kambas ɗin Bulus a falale, suka hau su duba. Da kunnena na ji suna yi wa juna dariyar haka a sansani, suna cewa ba su taɓa samun mutanen da suka ƙirga kansu suka ajiye lissafin a ƙofa ba. Da mun shiga da takalmanmu da sun wuce.

Da muka fito, gawar Malam Abdulwahabu na kwance a kan takalmansa. Mahaifinki ya zauna ya ɗauki sau-cikin Malam Naziru ya dinga cusa ƙafa, ƙafar da ta fi takalmin faɗi nesa ba kusa ba. Babbansu ya san shi. Ya sa bakin bindiga a haɓarsa ya ce, "Makau na dutsi, yaushe kah hwara sa takalmi?" Ya ce, "Tsuhwa ta, ɗana. Ƙahwa ta hwara jin dutsi." Ya ce, "Naka na?" Ya ce, "Nau na." Ya ɗaure igiya ya miƙe.

Ta gangaren gabas suka kora mu, dutsen ya jiƙe. Mutumin da ya hau da mu da safe kamar akuya, taku goma bai yi ba ya zame. Suka buga masa gindin bindiga a ƙeya. Ya tashi, ya sake faɗuwa, goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido. An ɗaure ni igiya ɗaya da shi. Na ce a hankali, "Baba, cire su mana." Ya ce, "In nic cire, tambaya za su yi wa ad da su. Kogon bai yi nisa ba tukuna."

Faɗuwa ta huɗu ƙafarsa ta karye, na ji ƙarar ƙashin. Babban ya ce tsoho na ɓata musu lokaci. Suka kwance shi daga igiyar. Ya yi kalmar shahada, suka harbe shi sau biyu, jininsa ya fallatso mini a hijabi. Daga wurin ba a hango bakin kogon. Ina ganin sai da ya tabbatar da haka.

Game da Malam Naziru, ban ce ya kyauta ba. Kwana goma sha takwas na yi a daji, abin da na gani ba na takarda ba ne, kuma Bulus da Saifullahi suna can har yanzu. Ba na son ganinsa. Amma ina tsaye a bakin tsagar ina jin haƙoransa suna kaɗawa, kuma wanda ya san da zuwansu ba zai yi haka ba. Kada a yanka shi da sunana ko da sunan mahaifinki. Ki nuna wa duk wanda kika ga dama wannan takarda.

Ki gaishe da Inna da haƙuri.

Taki,
Zubaida Surajo.

*

Zugu,
Juma'a, 24 ga Satumba.

Naziru,

Salamu alaikum. Bayan an sauko daga masallaci Liman ya karanta takardar Malama Zubaida a zaurenmu, gaban Mainasara da mutanensa. Taka ta biyu ban ba kowa ba. Mainasara ya tofar da yawu ya ce matsoraci ba aikinsu ba ne. Ba mai zuwa Gummi. Ka sa takalmi ka je aiki.

Da zai fita ya ce in kawo takalman a mai da wa mai su. Na ce na Baba ne. Ya ce Hure, kin dai ji abin da aka karanta. Na ce na ji. An sa wa Baba bindiga a haɓa an tambaye shi, ya ce nasa ne, ni ba zan ƙaryata ubana ba.

Ban yafe maka ba tukuna, kada ka tambaye ni yaushe. Inna ta ce ka zo addu'ar arba'in. In ka zo ka gaishe ta, ni kada ka yi mini wasa.

Takalman kuwa kada ka sa rai. Sun shiga kayan gado.

Hure Makau.