Kar Ka Leƙa Ƙwaryar Kyauta

Malam, na tafi Tamawa, ƙanwata Hassana na naƙuda.

Ɗiyarka Kyauta ta sha fura da hantsi, bayan wata biyu muna fama da ita a kan abinci! Ba tsawarka ce ta sa ba. Zama na yi kusa da ita ina kaɗin auduga, na kau da ido. Ta yi kuka, ta ce ba taurin kai ba ne, tsoron abincin take ji. Sai ga shi ta sha ludayi uku.

Don Allah ka bar maganar ɗura, ba jinjira ba ce. In an sauke tuwo, ka zauna ka ba ta labarin shanun ƙauyen Barkiya. Kar ka leƙa ƙwaryarta.

Dawowa take a hankali, Malam. Kar ka firgita ta.

Rekiya