Raf Iri Biyu a Motar Kusada

Alhamis, bayan isha'i, Kankia

Na gaji, amma abin da ya faru a mota yau ya ƙi barin raina. Da na taso daga koyarwa a Kusada, direba ya saki raf ɗin Amurka irin na 'yan daba, kiɗa har kujera na girgiza. Samarin da ke baya sai gyaɗa kai suke yi. Wani dattijo ɗan Kaikai da ke gefena ya ga littattafai a hannuna, ya ce, "Ɗiyata, mi wannan ke faɗi?"

Na ce, "Baba, kirari yake wa bindigarsa."

Sai ya ce, "Shi ya taɓa kwana a gona don gudunta kuwa?"

Direba ya ji kunya, ya canza zuwa wani nau'in raf ɗin, mai sanyin kiɗa, inda mawaƙin ke maganar mahaifiyarsa da rashin aiki. Ni irin wannan nake so. Kalmominsa sun fi nauyi, ko da yake ba kowa ke nemansa ba. Na fassara wa Baba baiti biyu, ya ce yaron nan akwai hankali.

Sai dai ba a jima ba samarin suka fara hamma, ɗayansu ya roƙi a mayar da waƙar farko. Na zaci Baba zai yi faɗa. Abin da har yanzu ya ɗaure mini kai, dariya ya yi.

"Mayar masu, direba. Maganar banza ce, amma makaɗin ya iya."