Madubin Hagu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, maigidana kuma Guguwata,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina fata ka tashi lafiya a ƙasar nan da ka ce ranarta ba ta da zafi, mutanenta kuma ba sa tsayawa gaisuwa. Inna tana gaishe ka. Jikin nata da sauƙi, jiya har ta motsa hannun da ya shanye ta taɓa kofi da kanta, sannan ta tambaye ni ko mahaukacin nan nawa ya isa. Na ce mata ya isa, abin hawansa ne ya rage.

To, yau na sallama shi. Babur ɗinka yana kwance a cikin akwatin katako a babban siton filin jirgi, gobe zai tashi ya biyo ka ta sararin sama, shi da bai taɓa rabuwa da ƙasa ba sai in ka taka rami. Ni kuwa na dawo gida hannu Rabbana, na tarar da gurbinsa a bakin ƙofa, da ɗigon baƙin man da ya bari a siminti. Wayyo ni! Wa ya ce mini ƙarfe ma ana kewarsa? Amma kada ka ɗauka jirgin nake tsoro, ko 'yan kwastan ɗin can, ko akwatin ya ɓace a hanya. Duk waɗannan sun hana ni cin abincin kirki, amma ƙanana ne. Babban tsorona shi ne ranar da za ka ɓalle ƙusoshin akwatin nan, ka haɗa shi, ka hau, ka murɗa totur, bayanka babu kowa.

Bari in ba ka labarin yau, tunda kai ka yi gaba ka bar mini wahalar. Bakaniken nan naka da kowa ke kira Ba-Matsala ya zo a makare kamar yadda ya saba. Ka san shi, ko gini ya faɗo masa a ka, abin da zai ce ke nan. Na tambaye shi ko ya taɓa shirya babur don jirgi, ya ce ba matsala. Na ce ba abin da na tambaye ka ke nan ba, ya sake cewa ba matsala. Amma dai in faɗi gaskiya, hannunsa ya fi bakinsa hankali. Ya zuƙe fetur sai ɗan abin da ya rage a gindin tanki, don jirgi ba ya ɗaukar cikakken tanki. Ya cire wayoyin batir ya naɗe bakinsu da salatif. Ya kwance madubai, ya sassauta kan babur ɗin ya kwantar da shi gefe, sannan ya cire tayar gaba, wai don akwatin ya ƙanƙance, tunda a wurinsu girman kaya ma ana dubawa, ba nauyi kaɗai ba. Sai ga abin alfaharinka ya durƙusa a kan katako, an ɗaɗɗaure shi ta ko'ina kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na yi murna da ba ka nan, don na san da sai kun yi faɗa da kowa.

Ana cikin haka matar da ke duba kaya ta iso da farin safar hannu da 'yar tocila. Doguwa ce, ba ta fara'a, irin matan nan da ko sauro bai isa ya wuce su ba takarda ba. Ta leƙa ƙarƙashin inji, ta leƙa bayan salansa, ta shafa nan ta shafa can, har ta kai ga matakin da nake ɗora ƙafata ta hagu. Ta buɗe shi, ta ɗago yatsa da jar laka busasshiya. Ta ce, "Baiwar Allah, can ba sa karɓar ƙasar wani wuri, ko ƙwaya ɗaya. In suka ga wannan, tsare babur ɗin za su yi, mai shi ya yi ta safa da marwa." Kai da ka wanke shi har sau nawa kafin ka tafi, ka wanke ko'ina ban da wurin ƙafata! Na karɓi tsohon buroshi a hannun Ba-Matsala, na tsugunna a tsakiyar siton, motocin ɗaga kaya suna wucewa ta bayana suna ƙara, na shiga gurzawa. Ina gurzawa hawaye na zuba, har ban san ko da ruwan roba na wanke shi ba ko da na idona.

Ka san abin da ya sa ni kuka? Ban san daga wace hanya lakar nan ta fito ba, hanyoyin da muka bi ai ba sa ƙirguwa. Amma zuciyata ta nace cewa ta ranar nan ce, shekarar aurenmu, da muke dawowa daga gidan Yayarka hadari ya biyo mu. Ka tuna? Sama ta yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa itatuwa, kai kuma ka rantse sai ka riga ruwan isa gida. Hanya ta yi santsi, babur yana rawa, ina ta yi maka magana iska tana kwashe muryata. Da na ga abin ba na ƙare ba ne, na kama naman haƙarƙarinka na mintsine da duk ƙarfina. Ka yi ƙara, ka sassauta, muka fake a ƙarƙashin rumfar wani gidan mai da aka rufe, muna ɗiga kamar kajin da aka tsamo daga rijiya, muna dariya. A nan na lura madubin hagu ya karkace ciki. Na ɗauka iska ce, na miƙa hannu zan gyara, ka riƙe mini yatsu ka ce, "Bar shi. Na dama na hanya ne, na hagu nawa ne." Na leƙa, sai na ga ba abin da yake nunawa sai wurin da fuskata take zama.

Ya masoyina, tun daga ranar nan ni ce birkinka na gaskiya, kuma mu biyun mun sani. Idan ka ga idona ya fara girma a madubin, sai ka sassauta. Idan ka yi kamar ba ka gani ba, yatsuna suna nan, haƙarƙarinka shaida ne. Shekara da shekaru muna haka, kai guguwa ni dutsen da aka ɗora a kan kwanon rufi. Sau ɗaya tak ka yi doguwar tafiya ba ni a baya, ranar da Inna ta faɗi na kira ka a waya ina kuka. Me ya biyo baya? Ka taho a guje ka faɗi a hanya, gado biyu na yi jinya a asibiti ɗaya, ita a hawan sama kai a na ƙasa, kuma tabon nan da ya taso daga gwiwarka zuwa idon sawu har yau yana yi maka ƙaiƙayi in an yi sanyi. To yanzu fa? Watanni, cikin duwatsu, kan hanyoyin da ke murɗewa kamar igiya, gefe guda dutse gefe guda rami, ga sanyi, ga hazo! Wa zai zare maka ido? Wa zai mintsine ka?

Na sani, ni na ce ka tafi, kuma ban janye ba. Tun kafin ka san ni taswirar tafiyar nan take manne a bangon ɗakinka, har ta yi ja don tsufa. Mun yi alkawarin tare za mu, sai ciwon Inna ya zaunar da ni, kai kuma ka yi shiru ka naɗe maganar, ka daina ko kallon bangon. Shirun nan ya fi mini komai ciwo. Na ce ka tafi tun gwiwoyinka suna yarda, don ba na son in tsufa da mutumin da ya binne burinsa saboda ni. Yayarka har gida ta zo ta ce, "Ke da kanki kika ɗaure masa gindi, in ya dawo a karye kada ki kira ni." Na yi mata dariya a lokacin. Yau da na ga kafintan da zai rufe akwatin yana jera ƙusoshi a bakinsa, maganarta ta dawo mini, kuma ban ga abin dariya a ciki ba.

Na je da jaka cike, ina tsammanin zan cusa maka rabin gidan nan a akwatin. Turarenka, matar ta ce yana kama wuta. Rigar sanyin da na saƙa maka, ta ce babur aka rubuta, babur kaɗai zai tafi. Ko wannan takarda da a can na rubuta ta, da ba za ta shiga ba, shi ya sa za ka gan ta a hoto ta waya, da duk inda alƙalami ya zame. Na tsaya kamar an dasa ni. A ce zai ƙetare teku ya iso hannunka babu komai nawa a jikinsa, ko ƙurar takalmina ma na wanke da hannuna? Sai na ji wata 'yar kwalba a kusurwar jaka, jan farcen nan da kake tsokanata da shi, kana cewa ya fi fitilar tsayawa ja. Na tambayi matar, in aka shafa abu a jikin babur ya bushe, kaya ne ko babur ne? Ta dube ni, ta dubi jajayen idona, ta ce, "Ni dai kwalba ce ba za ta shiga ba. Abin da ya bushe a jikinsa, ai jikinsa ne." Sai ta juya baya ta kama duba wasu kwalaye da ta riga ta duba. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ashe tana da zuciya.

Saboda haka, idan ka buɗe akwatin, dubi gilashin agogon gudu. Za ka ga jan layi a daidai inda nake mintsininka. Ba sai an gaya mini wurin ba, ta saman kafaɗarka na sha ganin allurar tana hawa. Layin a karkace yake, kada ka yi mini dariya. Kafinta ya tsaya da gudumarsa yana jiran ya bushe, ni ina hurawa da baki. Ya hasken zuciyata, duk lokacin da allurar nan ta taɓa ja, ka ji yatsuna a haƙarƙarinka! Kada ka kankare shi, kada ka rufe shi da safar hannu, kada ka ce bari in ɗan wuce kaɗan tunda hanya ta miƙe. Na san ka, na san wannan "kaɗan" ɗin naka. Tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma ni ba nisan da za ka kai ne ya dame ni ba, dawowarka nake so.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini nauyi, shi ya sa na bar shi a ƙarshe. Madubai suna naɗe cikin tsumma, an ɗaure su a kan kujerar baya, wurin zamana. Lokacin da Ba-Matsala yake kwance su ya ce, "Uwargida, na hagun nan a karkace yake, in daidaita shi?" Na ce ya bari, mai shi zai gyara. To ga shi ina roƙonka, don girman Allah, don darajar ranar nan ta ruwan sama, ka gyara shi. Kai ka gaya mini a can ta ɗaya gefen ake tuƙi, manyan motoci za su riƙa fito maka ta inda jikinka bai saba ba. Na san hannunka, da kansa zai karkata madubin ciki ba tare da ka sani ba, kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Me za ka gani a ciki? Sama, da kujerar da babu kowa a kanta. Kuma yayin da kake kallon inda ba na nan, motar da ke bayanka tana nan tafe.

Kai ka ce na hagu naka ne, ni kuma na daɗe da ɗaukarsa nawa. Duk abin da ka taɓa ba ni a duniya, babu wanda ya kai mini wannan ɗan gilashi. Yau na ba hanya aronsa. Ka juya shi waje, ka ɗaure shi tamau da sifana, ka bar shi ya nuna maka motoci da kwana-kwanar hanya da duk abin da zai iya raba ni da kai. Fuskata ba ta buƙatar madubi, tana nan inda ka bar ta, a bakin ƙofa kusa da ɗigon man nan, wanda na hana kowa wankewa.

Aro ne fa, ba kyauta ba. Ranar da ka dawo, da ƙafafunka biyu da tabonka guda ɗaya, kada ka ƙara mini ko ƙwarzane, zan ɗora ƙafata a matakin nan mai tsabta, in hau, in miƙa hannu ta gefenka in karkata shi da kaina. Ka dawo mini da shi, Guguwata. Ka dawo mini da kai.

Taka a zaune da tafe, yau da gobe da ranar da gashinmu zai yi fari fat a ƙarƙashin hular kwano,

Mai kujerar baya.