Sun Ƙi Gutsura Gurasa Sai da Na Iso

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina hutawa a wurin Ubangiji.

Mama, shekara uku ke nan ina mayar da farantin Jibin Ubangiji ban taɓa ba. Ke da kike dafa zoɓon jibi a cocinmu, kina yanka burodi ƙanana kamar sukarin shayi, 'yarki ce ta koma mai naɗe hannu. Kin sha ce mana, "Kowa ya duba zuciyarsa kafin ya miƙa hannu." Na duba tawa, na ga mace da aka binne uwarta tana shirya kwalaye a sito a Dubai don an hana ta hutu. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ban cancanta ba.

Mu goma sha biyu ne muke sujada a wani falo a unguwar Al Qusais, nan Dubai. Dattijonmu Baba Kwesi, mutumin Gana ne, Hausarsa ta zango, idonsa kuma ba ya barin komai ya wuce. Ran nan ya tsare ni, na faɗa masa.

Ya tuna mini cewa jibin nan abincin Idin Ƙetarewa na Yahudawa ne da Yesu ya ci da almajiransa, har da wanda zai yi musun saninsa kafin gari ya waye, kuma shi ma an miƙa masa. Masu bi na farko a gidaje suke yinsa, abinci sosai, a ci a ƙoshi. Faɗan rashin cancanta da kike tsoratar da mu da shi, ashe masu hali aka fara yi wa, domin sukan cinye kafin bayi da 'yan ƙwadago su tashi daga aiki. Abin da aka umarce su shi ne su jira juna.

Na ce to, amma a raina ban yarda ba. Kin san taurin kaina, a nononki na sha.

Lahadin da ta wuce aka riƙe mu a wajen aiki, bas ta tafi ta bar ni, na makara da awa biyu. Har na ji daɗi, na ce a raina sun gama jibi, na huta da kunya. Ina buɗe ƙofa na tarar da su zaune, shinkafa ta huce, yara suna hamma, gurasar Larabawa tana kan tebur ba wanda ya taɓa.

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Baba Kwesi ya gutsura ya miƙo, na karɓa na ci. Nauyin nan ya sauka, Mama, har numfashina ya canja.

Ruwan inabin kwali suke sha, bai kama ƙafar zoɓonki ba. Wata mai zuwa ni zan dafa, na riga na samo busasshe wajen 'yan kasuwar Kano a unguwar Deira.

Allah ya ba ki hutawa, ya tara mu a teburi ɗaya. Ko na makara, Mama, ki jira ni.

'Yarki,
Laraba