Rasuwar Mama Yashim da Ɓatan Duna

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Ceton Karnuka ta Tudun Tsira da ke Jihar Maryland a Amurka ta samu labarin rasuwar shugabarta, wadda ta kafa ta, Uwargida Olive Yashim Martins, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, jigo a Zumuntar Mata, wadda babba da yaro suka fi sani da Mama Yashim. Ubangiji ya yi mata kira ranar Talata a gidanta da ke garin Bowie, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiyar, 'yar asalin Zonkwa a Jihar Kaduna, ta fara wannan hidima ne da kare guda da ta tarar ɗaure a jikin shinge, masu shi sun tashi daga gidan haya sun bar shi. Daga nan gidanta ya zama masauki: ta karɓo kare, ta yi jinyarsa, ta saba masa da mutane, sannan ta nema masa gida, kuma ba ta miƙa shi sai ta je da ƙafarta ta ga inda zai kwana. Jama'armu ba su raga mata ba. An ce Amurka ta juya mata kai, an ce mace mai jikoki ta rasa abin reno sai kare. Amsarta kullum ita ce, jinya ta koya, kuma ba a koya mata tambayar mai ciwo ƙafafunsa nawa ba.

Wanda bai taɓa kai dabba asibiti a ƙasar nan ba, ba zai san nauyin da baiwar Allah nan ta ɗauka ba. Tun kafin likita ya taɓa kare an caje ka, tiyata guda kuma takan lashe kuɗin hayar wata. Mama ta yi ritaya amma ta koma aikin wucin gadi saboda magunguna, ta sha ɗage tafiya gida ganin danginta. Mun yi mata faɗa, ta yi kunnen uwar shegu da mu. Yau da babu ita, gaskiya ba mu san yadda ƙungiyar nan za ta tsaya da ƙafarta ba, kuma hankalinmu a tashe yake.

A madadin shugabanni da membobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai gidanta, Dattijo Martins, da 'yarsu Becky, da jikoki, da ɗaukacin dangi a nan da gida Najeriya. Allah ya ba ta hutawa, ya ba iyalanta haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi.

Akwai wani abu da ya zama dole mu sanar. Bisa al'adarmu, ba a rufe ƙofar gidan makoki. Jiya wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya tokare ƙofar shingen baya a buɗe domin masu shigo da abinci, sai Duna ya fice. Duna tsohon baƙin kare ne mai ido ɗaya, yana da ciwon sukari, ana yi masa allura safe da yamma. Tsadar wannan allura ce ta hana kowa ɗaukarsa, shi ya sa ya tsufa a hannun Mama. Likitansa ya ce ba zai daɗe babu magani ba. Ba mu zargin kowa.

Tun daga lokacin Dattijo Martins ya ƙi zama karɓar gaisuwa. Yana bin layi-layi da sandarsa yana kiran karen, ya kuma faɗa mana cewa bai san da wane ido zai tsaya a bakin kabarin matarsa ranar Asabar da za a yi jana'iza ba, idan abin da ta bar masa ya mutu a gefen titi.

Don haka muna roƙon jama'a, musamman 'yan'uwanmu direbobi da ke zirga-zirga tsakanin Bowie da Upper Marlboro, su sa ido. Wanda ba ya taɓa kare, ba mu ce ya taɓa ba. Ya tsaya kawai, ya kira Becky, kada ya bari karen ya ɓace masa. Wanda kuma ya zo gaisuwa bai tarar da mai gida ba, ya yi haƙuri, yana kan titi. Ya ajiye kular abincin, ya rufe ƙofa, ya bi bayansa.

Sa hannu:
Malam Fatihu Yacouba
Kakakin Ƙungiyar Ceton Karnuka ta Tudun Tsira, Maryland