Geron Marayu da Babban Baƙo

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Kebbe lafiya lau.

Geron da ƙungiyarmu ta tara wa marayu lokacin kaka bai kai gare su ba. Shugaba ya ce a jira babban baƙo daga Tambuwal a yi biki, muka yarda. Inna Hajo, mai riƙon jikokinta marayu, ta zo neman ko tiya guda, aka ba ta haƙuri. Baƙon ya yi ta ɗage rana har ruwan farko ya rushe rumbun, geron ya lalace.

Jiya na iske ta kasuwa tana sayar da akuyarta. Ita ta fara gaishe ni, har tana sa wa ƙungiya albarka.

Gaida yara. Ka roƙa mana gafara, Yaya, don na kasa ce mata amin.

Ƙanenka,
Sanusi